Rasuwar Injiniya Gwaza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da sunkuyar da kai, Ƙungiyar Masu Aikin Famfo da Burtsatse, reshen Suleja, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugaba, Alhaji Kamaluddeen Daso, ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu Malam Isiyaku Ghali, wanda gari ya fi sani da Injiniya Gwaza. Muna jinjina wa manyanmu da suka cika sahun gaba a jana'iza. Rabon da su taru a kansa haka, tun ranar da suka yi masa dariya suka laƙaba masa wannan suna.

Laifinsa ɗaya ne: ya shigo taro da ganyen gwaza, ya ɗiga masa ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangara bai jiƙa ganyen ba. Ya ce ruwa a bututu gogar bango yake yi, gogar ce ke cinye masa ƙarfi. In aka shafe cikin bututun da abin da ruwa ba ya kamawa, sai ya zame ya wuce. Muka ce Allah ya ba shi lafiya. Shekara tara yana dama kakin zuma da wasu haɗe-haɗe, har ya shafe layin da ke hawa Unguwar Kan Tudu a Madalla, inda ƙaramin injinsu ya daɗe da gazawa. Ruwa ya hau. Muka ce ai damina ce ta yi kyau.

Waɗanda suka yi masa wanka sun shaida mana cewa da suka zo kan hannuwansa, ruwa ƙin zama ya yi, sai dunƙulewa yake yana gangarewa, sai da aka cuɗa da sabulu sau uku. Tun ranar, wasunmu in suna alwala sai ka ga sun tsaya suna kallon tafinsu.

Yanzu shafen ya fara gogewa, famfon Kan Tudu ya koma tari, mata sun ɗauko jarkoki. Maiɗakinsa, Hajiya Ummulkhairi, ta miƙo mana gwangwani ɗaya, saura rabi, babu rubutu a jikinsa. Ta ce bai taɓa ɓoye haɗin ba, jira ya yi a tambaye shi.

Muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan nan ya zame masa sadaka mai gudana, ya ba Hajiya da 'ya'yansa da dangi haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Gida ɗari biyu na jiran ruwa. A cikin 'yan sahun gaba, wa zai buɗe gwangwanin ya ce ya gane?

Sa hannu:
Malam Ɗanladi Hashim
Kakakin Ƙungiya, Reshen Suleja