Siminti ne, ba sabulunki ba

Maman Auta,

Na dawo daga asibiti na tarar kin tafi ɗauko yara daga makaranta. Ba zan iya jiranki ba, motar wurin gini na bakin titi.

Likitar fata ta duba hannuwana. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fito min tsakanin yatsu, ta ce siminti ne ke kawo su. Ta tambaye ni yaushe suka taɓa bushewa, na ce lokacin da na yi sati uku a kwance da ciwon ƙafa. Ta ce to ka ba kanka amsa. Kwana biyu da komawata aiki suka dawo, ke ma shaida ce.

Ki yafe min. Wata takwas ina ɗora wa sabulun wankinki laifi, na sa kin canza kala huɗu, har tsawa na yi miki gaban yara. Ki daina tafasa zanin gado, wahalar banza ce.

Ta ba ni man shafawa, safe da yamma, ta ce kada in fasa su komai ƙaiƙayi. Amma muddin ina taɓa siminti za su dawo, safar hannu ragewa kawai za ta yi. Wai in canza sana'a. Shekara ashirin da uku ina ɗora bulo, me zan koya yanzu?

Ta dai ce ƙurajen ba sa yaɗuwa. Ki mayar da kofina cikin na kowa. Ki gaya wa Auta yau Baba zai ɗauke ta, in hannun ya yarda.

Baban Auta