Shafi Biyar da Baba Bai Faɗa Ba

Birnin Konni, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Abijan? Ina fata ciwon ƙafar nan ya sake ka. Baba yana lafiya, ƙanwarka Talatu ma haka. Abin da zan faɗa maka bakina ba zai iya furta shi a waya ba, shi ya sa na rubuta. Talatu za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka.

Ka tuna ranar da kake ɗaure kayan tafiya, Baba ya sa aka miƙo mini sabon kaye, littafin rubutu, da bik na rubutawa? Daga ranar komai ya sauya mini. Ya ce idonsa ya tafi, ni kuwa kullum fuskata cikin littafi, to ga aiki. Mushe Badamasi, malamin lakwal, makarantar boko, yana tattara tarihin tsohuwar gundumar Konni, tun Malbaza tana ƙarƙashinta ba a yanke ta ba, don a karanta a radiyo. Wa ya san ta kamar Baba, da ya yi shekara talatin yana ɗan aiken buro, ofishin gwamnati, yana kai takardu gari gari a kan keke?

Wata biyu yana faɗa, ina zaune bayan ƙofa ina rubutawa. Wane kwamanda ya gaji wane, wace shekara aka gina rijiyar wane gari, wace hanya ruwa ke yankewa da damina. Wallahi har hamma nake ɓoyewa cikin mayafi. Sai wata rana ya zo kan shekarar yunwa. Ya ce an aike shi Bazaga da takardar rabon hatsi, kekensa ya karye a hanya, wata mata mai suna Tsahara ta ba shi ruwa, ta ara masa jaki, takarda ta isa, mutane suka sami rabonsu. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, layi uku.

Ni kuwa ka san halina. Na wuni ina daka ina ganinsu a raina. Na ƙara shafi biyar. Na ba ta dara-daran idanu da wushirya, na ba ta farin jaki, na sa yatsunsu suka haɗu a kan ƙwarya, na sa ta yi kuka gindin gawo ranar da ya yi mata ban kwana. Ko sunanta ban sauya ba. A tunanina ta daɗe da rasuwa. Ban karanta wa Baba ba, na ba Talatu ta kai wa Mushe.

Ranar Laraba da hantsi aka karanta a radiyo, da sunan Baba. Ina tankaɗe a tsakar gida. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba, sannan ya kashe radiyon, ya lalubi butarsa.

Maigida, Tsahara tana da rai. Mijinta ma yana da rai, kuma a waccan shekarar tana ɗakinsa. Jiya ɗanta Jibo ya zo daga Bazaga. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama, aka kawo ruwa ya ƙi sha. Ya ce uwarsa ko gidan suna ta kasa zuwa, tsohuwa mai jikoki fiye da goma. Ya tambayi Baba ko ladan aron jaki ke nan. Baba bai ambaci sunana ba. Ya ce duk abin da ya fita daga gidansa nasa ne, ya yi ta ba da haƙuri.

Ina jin su daga ɗaki, na kasa fitowa. Ka faɗa mini yadda zan yi. Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Nazifa

Birnin Konni, ranar Alhamis

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, yaya jiki, yaya haƙuri da ni? Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi.

Na ji saƙonka. Ka ce in yi shiru, maganar za ta mutu da kanta, kuma ba ka so a ji muryar matarka a radiyo tana faɗin irin wannan. Na gode da ba ka zage ni ba. Kwana tara na bi maganarka, ga abin da na gani a cikinsu.

'Yan kabu-kabu in suka hango Baba sai su rage gudu, su ce ango ya hau su kai shi Bazaga kyauta, jaki ya tsufa. Ya daina zama majalisar ƙofar masallaci, daga salla sai gida. Mushe ya dakatar da shirin, don mutane suna cewa wanda ya yi wa matar aure ƙarya, rijiyoyinsa da shekarunsa ma ƙarya ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar takardun mutane bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, yau shi ake kira maƙaryaci, kuma da hannuna.

Shekaranjiya ya kira ni, ya ce in karanta masa shafukan nan biyar. Na karanta, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na gama sai ya ce jakin ba fari ba ne. Ya ce fuskar matar ma bai taɓa gani ba, ta bayan danga ta miƙo ƙwaryar, kuma mijinta ne ya raka shi da jakin har bakin gari. Wai laifinsa ne da bai faɗa mini wannan ba. Sannan ya ce in ɗauko bik, saura shekarar da aka yanke Malbaza ba mu rubuta ba, ko da babu mai karantawa. Na kasa riƙe bik ɗin, maigida.

Ba zan ɗora wa littattafaina na soyayya laifi ba. Su mutanen cikinsu ba su da 'ya'ya a Bazaga.

Na faɗa wa Baba abin da nake so in yi. Ya ce in tafi da Talatu, kuma in fara gaida mijin. Kai kuma ka yafe mini, ban taɓa tsallake maganarka ba sai yau. Baba da Talatu suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Jibi Asabar zan tafi Bazaga da kayen a hannuna, in durƙusa gaban Tsahara da mijinta. Ranar Laraba kuma zan shiga radiyo in faɗi sunana, in ce ni na rubuta.

Matarka,
Nazifa