Gidan Gaba a Jirgin Babanku

Zuwa ga 'yata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Allah Ya ƙara miki juriya a kan aikin asibitin nan naki, Ya yi wa zuri'arki albarka. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da gwiwata da ke tashi lokacin da ta ga dama. Matar yayanki ta yi nauyi sosai, sai ki sa ta a addu'a.

Na'urar wasan da kika aiko wa Babanku ta iso, har da wasan nan na masu yawo a sararin samaniya, kashi takwas reras. Na zauna na rubuto ne domin ba mu bi shawararki ba, kuma na san ki, a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Kin san halin da ya shiga tun da likitan ido ya ce ya ajiye tuƙi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota, sai ga shi yana wuni a kujera bakin taga, in mota ta wuce ya bi ta da kunne. In na yi masa tsiya ba ya ramawa, wannan kuwa ya fi komai tayar min da hankali. Ban gaya miki ba, amma na ji tsoron in rasa shi yana zaune a gabana.

Ke kin ce lallai a fara daga kashi na ɗaya, don ya san asalin rigimar da duniyoyin suke yi. An gwada. Hoton dishi-dishi, rubutun ƙanana kamar kiyashi, mutanen ciki kuma sai surutu. Ya ajiye abin dannawar a hannun kujera ya koma tagarsa. Washegari yayanki ya taso daga shago ya ce kin cika son bin ƙa'ida, sabon kashin shi ne magana. Shi kuma sabon harbe-harbe ne tun daga farko, kafin Babanku ya gano maɓalli an kashe shi. Yayanki ya yi dariya, ba da mugun nufi ba, amma na ga yadda fuskar mahaifinsa ta canja, raina ya ɓaci.

Ku kun san wasan, ni kuma na san mijina, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Na tambayi yayanki ko a cikin takwas ɗin nan babu wanda ake tuƙi kawai. Ya taɓe baki ya ce akwai na huɗu, inda kake direban jirgin dakon kaya daga wannan duniya zuwa waccan, amma kowa tsallake shi yake yi saboda ba ya da armashi. Na ce shi za a sa.

'Yata, da kin ga yadda ya gyara zama. Ya tambayi ina birki kafin ya tambayi ina totur. Da ya zo shiga tasha sai ya lallaɓa jirgin a hankali har ya daidaita shi, bai gogi komai ba, sannan ya waiwayo ya ce wa yayanki haka ake ajiye mota. Yanzu jirgin har suna ya samu, Tsohuwa. Yana mita cewa direbobin sauran jiragen yara ne, suna shan kwana ba su rage gudu ba. Har yau bai san wa ke yaƙi da wa ba, bai kuma damu ba, shi dai a ba shi kaya ya kai. Labarin asalin rigimar zai jira, sannu ba ta hana zuwa.

Matsala ɗaya ita ce taswira, idonsa ba ya iya karanta sunayen. Rannan ina ninke kaya sai na ji yana jan kujera, ya ajiye ta dab da tasa. Ya ce duk shekarun da ya yi yana bin hanya bai taɓa ɗaukata a gidan gaba ba, kullum ni ce mai jira a gida, don haka in zo in zauna in riƙa gaya masa hanya. Na zauna. Sunayen duniyoyin nan ba sa zama a bakina, ina kwaɓa su yana gyara min, alhali shi ma bai iya ba. Jiya na kai mu wata duniya da ba ita ba ce, ya yi ta min tsiya har ya share hawaye. Na daɗe ban ji daɗi irin na jiya ba, kuma na gode miki.

Ki gaishe min da maigidanki da surukarki, ki shafa min kan Babba da Ƙarama. Yayanki da matarsa da Gwaggonki duk suna gaishe ki. Zan tsaya nan, don ga Babanku can yana kirana, wai fasinja ɗaya ake jira a tashi.

Taki har kullum,
Mamanku