Igiyar Keken Inna

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki.

An sallamo ni daga asibiti, kumburin ƙafa ya sauka. Ashe zazzaɓin nan na bara da na raina, ina ta taka keken ɗinki a cikinsa, shi ya kumbura min naman zuciya. Kumburin ya tafi ya bar tabo. Likita ta ce tabon ba ya motsi, sauran naman ke ɗaukar aikinsa, shi ya sa nake haki. Na ce mata na gane, faci ne, ba ya miƙewa, gefensa ke shan ja. Har ta yi dariya.

To amma na dawo na tarar an cire igiyar kekena. Babanki ya ce bai sani ba, yana faɗa yana kallon rufin ɗaki. Na san da hannunki a ciki.

Mahaifiyarki

*

Inna,

Ina gaishe ki da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni na roƙi Baba ya ɓoye ta, ki yi haƙuri. Na tambaya an ce tabon ba ya gogewa, magani dai yana rage wa zuciyar nauyi. Tsoro nake ji, Inna. Ki bar ɗinkin nan, ki rage gishiri, ki huta.

'Yarki, Auta

*

Auta uwar tsoro,

Ina amsawa, jiki da sauƙi. Gishiri na rage, magani ba na fashi. Amma zaman banza ya kusa ƙarasa ni. Masu kawo ɗinki suna leƙowa ta taga suna yi min sannu kamar sun zo ta'aziyya.

Na ja Babanki muka koma wurin likita. Ta ce hannu da ido su yi aikinsu, doguwar takawar ce zuciyata ba za ta iya ba. Muna shiga gida Babanki ya zaro igiyar daga cikin tsohon takalminsa, ya mayar da ita jikin keken, ya jawo kujera gefena, ya ɗora ƙafarsa a kan matakin, ya ce, "Riƙe yadin."

Yanzu shi ke takawa, ni ke bi da yadi. Da farko gudu yake kamar an biyo shi, ya karya min allurai, ya haɗe bakin aljihun wani malami. Yanzu kuwa numfashina yake saurara, da ya ji ya sauya sai ya tsaya, wai ƙafarsa ce ta gaji. Ina sane, ban dai nuna masa ba. Tun aurenmu ba mu taɓa yin hira haka ba, kuma ina jin daɗi.

Mahaifiyarki

*

Inna,

Ina gaishe ku, ke da sabon ma'aikacinki. Na karanta ina dariya ina share hawaye.

Ga yadi mai laushi na aiko. Ba ni da awo, mai rigar bai iso ba tukuna, sai ƙarshen shekara in Allah Ya yarda. Ku ɗinka 'yan ƙanana. Ki ce wa Baba ya taka a hankali, akwai lokaci.

Auta