Kawu Ya Ce Iraniyom Ne Ke Kashe Ordinatar

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, Arlit ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni ɗan Damagaram ne, ina aiki a shagon ƙanin mahaifiyata, muna gyara da sayar da ordinatar, kwamfuta ke nan. Kawu ne ya ɗauko ni daga gida, shi ya koya min aikin, shi ya yi min aure, har yau a gidansa nake zaune da matata. Na faɗa ne don ku san ba mutumin da zan ɗaga wa murya ba ne.

Kwanakin baya ya sayo tarin tsofaffin ordinatar daga wani ofis da ya rufe. Sabon sistem, wato manhajar da ke tafiyar da inji, da ake yayi yanzu ba ya hawa kansu, da ka gwada zai ce inji ya tsufa, ƙarfinsa bai kai ba. Amma akwai dabarar da ake yi da kile, wato filash, a tsallake binciken, a ɗura masa shi dole. Ni ban ga laifin dabarar ba in za ka gaya wa mai saye gaskiya, ya saya da saninsa. Kawu fa ba haka yake yi ba. Ni zan ɗura sistem, shi kuma ya ɓare tsohuwar takardar jikin inji, ya goge shi da mai har yana ƙyalli, ya sa a leda da kwali, ya ce sabo ne dal daga Aljeriya. Mutum ya kai gida, inji ya yi ta nishi kamar tsohon jaki a hawa, fanka na ihu, allo ya daskare.

In mai saye ya dawo da ƙorafi, amsar Kawu ɗaya ce, wai iraniyom ɗin da ake haƙa a nan ne, iskar garin nan ce ke cinye cikin inji. Kuma mutane suna yarda, don a nan ko batirin waya ya mutu wani sai ya ce iraniyom. A da dariya abin yake ba ni, yanzu wallahi ƙyama yake ba ni.

Akwai wata malamar lakwal, wato makarantar boko, Buzuwa ce, ta sayi ɗaya don buga wa ɗalibanta tambayoyi. Mijinta a ma'adinai ya yi aiki, ciwon ƙirji ya kashe shi, ya bar ta da yara uku. Da ta dawo da injin, Kawu ya ɗauko karatunsa, har da buɗe mata cikin injin ya nuna mata ƙurar da ta shekara a fanka tun a ofis, ya ce ga shi nan da idonki Malama. Matar nan ta daɗe tana kallon ƙurar, sannan ta ce, "To in ƙarfe ya yi haka cikin wata ɗaya, yarana fa?" Ina tsaye a wurin na kasa ɗaga kai. Kawu ya girgiza kai ya ce sai addu'a.

Ni ba likita ba ne, ban ce iskar garin nan lafiya lau take ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne abin da ya kashe wannan inji, don da hannuna na ɗura masa. Yanzu ga shi ta yanke shawarar cire yaran daga lakwal ta kai su wurin kakarsu a daji, can bayan Gougaram wurin masu kiwo, inda babu aji ko ɗaya. Babbar cikinsu bana za ta yi jarrabawa, kuma kowa ya shaida yarinyar tana da ƙwaƙwalwa.

Na sami Kawu a gida cikin ladabi na ce mu kira ta mu gaya mata, ko ni in mayar mata da tsohon sistem, inji zai yi aiki daidai ƙarfinsa. Ya ce in na mayar ai ta gane, in ta gane duk garin ya gane, kuma in tuna rufin wa ke kaina. Ya ce shi bai ce ta kwashe 'ya'yanta ba, ita ta ga dama. Matata kuma tana kuka, wai in rufa mana asiri, ina za mu je da tsohon ciki.

Jiya matar nan ta aiko wa Kawu da cuku da dabino, wai godiya ce don ya buɗe mata ido. Ya zauna a shago yana ci yana santi, har ya miƙo min nawa. Tir, ban taɓa jin ƙyamar abinci irin ta jiya ba.

Ranar Juma'a motar da za ta kwashi yaran za ta tashi. In je in gaya mata in rasa Kawu da wurin kwana, ko in yi shiru yarinyar nan ta bar karatu ta koma bin awaki saboda ƙurar fanka? Ku da kuke nesa, me zan yi kafin Juma'a?