Kofuna Biyu a Bakin Komi

Tsibirin Quenac,
12 ga Maris, 1994

Zuwa ga Yayana Heraldo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin can kudu? An gama yi wa tumakin aski? Yatsan da almakashi ya yanke ka ya warke? Mu nan lafiya lau. Gwaggo Uberlinda tana gaishe ka, ta ce ka daina wanke safar ulu da ruwan zafi.

Kaka ta shigo, tuffa ta fara zuba a bayan gida. Bana itatuwan sun yi 'ya'ya har rassan suna taɓa ƙasa. Amma ka san halin da ake ciki. Tun da likita ya ce wa Tata hantarsa ba za ta sake ɗaukar ko kurɓi ɗaya na chicha, giyar tuffarmu, ba, shekara biyu ke nan ba a yi dakan tuffa a gidanmu ba. Komin nan na katako da ake daka tuffar a ciki yana kife a rumfa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Tuffar kuwa aladu ke ci.

Tata ya riƙe alkawarinsa, Yaya, bai sha ba ko sau ɗaya. Sai dai ba kakanmu da ka sani ba ne. Ba ya zuwa dakan kowa. Ranar Asabar aka yi na gidan Don Eliseo maƙwabcinmu, muna jiyo ƙarar sanduna da ihun maza, shi kuwa yana zaune gaban murhu yana gyara ragar kifin da babu abin da ya same ta. Don Eliseo ya leƙo ta taga ya ce, "Abelardo, tsohon banza, ka mutu ne ba a gaya mana ba? Fito ka riƙe sanda!" Tata ya ce, "Tafi can, mai kan kabewa. In zo in yi me? In zauna cikin maza da kofin madara kamar ɗan yaye?" Suka yi dariya, amma da Don Eliseo ya wuce, Tata ya daɗe bai ɗaga kai ba.

To, ga abin da ya sa na rubuto. A makaranta Malama Ximena ta koya mana cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke mayar da ruwan tuffa giya, kuma zafi yana kashe su. Na yi kwana da kwanaki ina so in tambaye ta, kunya ta hana ni, sai da kowa ya fita daga aji. Ta ce idan aka dafa ruwan da zarar an matse shi, aka bar shi ya huce a rufe, sannan aka haɗa shi da ruwan soda, zai yi kumfa ya tsatstsafa a harshe kamar chicha, amma ba zai bugar da ko kyanwa ba.

Ina so in gwada. Kada ka yi mini dariya.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Marlén

Tsibirin Quenac,
2 ga Afrilu, 1994

Yayana Heraldo,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya iska? Na ga amsarka, kuma na ga ka yi dariyar duk da na roƙe ka. Ba komai.

Ya yi, Yaya! Na farko ya ƙone, ya koma kamar ruwan alewa. Na biyu na tace shi da kyalle har ya yi garau, na sa kirfa, na kai wa Tata a kofin gilashi. Ya ɗaga shi wajen taga ya ce, "'Yar nan, wannan ai na masu jego ne." Na koma kicin na yi kuka kaɗan.

A na uku na gane inda matsalar take. Na bar kirfar. Na zaɓi tuffa masu tsami na itacen bakin rijiya, ban tace sosai ba, na bar shi da duhunsa. Ban bari ya tafasa can-can ba, da ya fara motsi na sauke. Ruwan sodar mai jirgin ruwa ne ya kawo mini daga garin Achao, yana ta tambaya ko biki za mu yi. Na zuba a kofin ƙarfen nan mai tsaga a baki, irin wanda ake ba masu daka. Kumfa ta taso. Tata ya shinshina, ya kurɓa, ya rufe ido. Can ya ce, "Uberlinda, je ki kori kajin nan daga ƙarƙashin komi."

Za a yi daka a gidanmu Asabar mai zuwa! Tata da kansa ya bi gida-gida yana gayyata. Ya fito da sandunan ya goge su da mai. Jiya na ji shi yana fito da baki a cikin itatuwa.

Abu ɗaya ne muka ɗan saɓa da Gwaggo. Ka san dole mai gida ya jiƙa wa masu daka maƙogwaro, mu kuwa ba mu da ta bara, don haka Don Eliseo zai zo da tasa. Gwaggo ta ce in jefa jajayen 'ya'yan itacen murta a cikin na Tata ya yi ja, ko in ba shi a gilashi, don a bambanta. Ta ce, "Ke 'yar boko, kin san ƙananan halittu, amma ba ki san maza ba." Na ce mata ai amfanin abin ke nan, kada kowa ya bambanta. Idan nasa ya yi ja, za su tsokane shi har ya tashi ya koma gaban murhu. Ban taɓa yi wa Gwaggo musu ba sai ranar. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa ke ce mai gaskiya."

Da ma kana nan ka riƙe sanda. Ka kula da kanka.

Taka,
Marlén

Achao,
16 ga Afrilu, 1994

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Kada hankalinka ya tashi da ka ga daga inda na rubuto. Tata yana asibiti, amma ya farfaɗo, yau har ya sha romo. Gwaggo ta ce ni zan gaya maka, tunda ni na iya rubutu. Ina jin ba don haka kawai ba ne.

Ranar ta fara da kyau ƙwarai. Ruwa bai sauko ba. Maza suka jeru gefe da gefe na komin, aka juye tuffa, sanduna suna sauka bi da bi, ruwan yana fallatsa har gira. Tata ne a kan gaba. Wallahi sai ka ce an cire masa shekara goma. Yana yi wa samari tsawa, "Kai ɗan Oyarzo, tuffa kake daka ko tausa kake mata?" Mata suna kwashe dakakken cikin kwanduna ana kaiwa wajen matsa, Gwaggo tana gasa dankali da nama.

Da aka huta na kawo masa kofinsa. Don Eliseo ya ƙwace ya kurɓa, ya ce, "Kai! Abelardo, ashe ƙarya kake mana, ka koma shan giya!" Tata ya ce, "Jikata ce ta yi, jahili. Sha tulu guda ka gani ko za ka rera waƙar nan taka mai kashe kunne." Kowa ya sa dariya, aka yi ta miƙa kofin ana ɗanɗanawa. Aka ce in fito a gan ni. Na ɓuya a bayan ƙofa, amma raina fari tas.

Ka san yadda suke yi. Ba mai riƙe kofi yana daka. Kowa ya ajiye nasa a kan katakon da ke bakin komi, ya yi zagaye ɗaya, ya dawo ya ɗauka. Kofunan duk iri ɗaya ne, ba namu ne kaɗai mai tsaga ba. Abin da ke ciki ma kala ɗaya, kumfa ɗaya. Ni na mayar da shi haka da hannuna.

Wajen la'asar na lura tulun da na haɗa masa bai ragu ba. Na ɗauka ko ya ƙoshi ne. Sai na ji muryarsa ta yi sama, yana ba da labarin guguwar nan da ta kusa cinye su a teku, wanda ba ya bayarwa sai ya sha. Na dubi Gwaggo, na ga ita ma ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta je ta ɗauki kofin da ke gabansa ta shinshina. Ta zubar a ƙasa. Don Eliseo yana ta cewa, "Na rantse ban ba shi ba, Uberlinda, ban ma gani ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Mutum sama da goma suna tsaye a wurin, duk masu ƙaunarsa, da ɗayansu ya gani da ya riƙe masa hannu. Babu wanda ya gani, don babu abin gani.

Washegari ya tashi yana aman jini. Don Eliseo ne ya ɗauko mu a jirginsa zuwa asibitin nan.

Jiya ina zaune gefen gadonsa, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "'Yar nan, ɗago. Na farkon kuskure ne, hannuna ya ɗauki na Eliseo. Na biyun kuwa na san abin da na ɗauka. Wannan ba ruwanki a ciki." Na gyaɗa kai don kada in ɓata masa rai. Amma Yaya, ba don na farkon ba, ina na biyu zai fito?

Gwaggo ba ta ce mini "ai na gaya miki" ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ka sa shi a addu'a. Ba sai ka taho ba, likita ya ce za a sallame shi cikin mako.

Ƙanwarka,
Marlén

Tsibirin Quenac,
21 ga Mayu, 1994

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi? An ce ƙanƙara ta fara sauka wajenku. Na gode da takardarka da kalaman da ka yi mini. Na karanta wa Tata inda ka ce a gaishe shi, sauran na bar wa kaina.

Jikinsa da sauƙi, yana cin abinci, yana zagaya gida. Amma akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka dawo, kada ka hango daga jirgi ka ɗauka ka ɓata hanya.

Ya sare itatuwan.

Ina makaranta a tsallaken ruwa aka yi. Da na dawo ranar Juma'a, tun daga bakin ruwa na hango rufin rumfarmu, wanda ba a taɓa gani daga can ba. Gwaggo ta ce shi ya aika a kira Don Eliseo da babban zarto, tunda ba shi da ƙarfin ja shi kaɗai. Don Eliseo ya roƙe shi. Ya ce, "Haba Abelardo, ubanka ne fa ya dasa su. Bar su, ni zan riƙa kwashe tuffar, ba za ka ko ji ƙanshinta ba." Tata ya ce, "Shekara biyu ina kallonsu ta taga ina cewa na fi ƙarfinsu. Yini ɗaya suka nuna mini. Kama can, mai kan kabewa, kada ka sa in yi kuka gaban 'yata." Haka tsofaffin nan biyu suka yini suna ja. Na bakin rijiya ma ya tafi, da wanda ka faɗo daga kansa ka karya hannu. Komin kuma ya ba gidan Oyarzo.

Ɗaya ya bari, ƙaramin nan mai zaƙi da marigayiya Kaka Rosalba ta dasa a bakin kicin. 'Ya'yansa ba za su isa a tara maza ba. Za su dai cika tukunya.

Na same shi zaune a kan kututture. Na yi niyyar in ba shi haƙuri, na shirya maganar tun a jirgi, amma da na tsaya gabansa sai ta gudu. Shi ne ya yi magana. Ya ce, "Baɗi ki sake yi mini abin nan naki. Ya yi daɗi, ban taɓa gaya miki ba. Amma ki sa murtar gwaggonki, ya yi ja wur, yadda ko daga tsallaken ruwa za a san na tsohon da ba ya sha ne." Na ce to.

Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Murtar tana nan a bakin shinge tun ranar, cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Na tsaya kare shi daga tsokanar Don Eliseo, alhali shekara sittin suna tsokanar juna ba abin da ya same shi. Da na bari an yi masa dariyar yini ɗaya, da yanzu yana da itatuwansa, kuma da baɗi an sake jin sanduna a gidanmu.

Itacen an faskara an jera a rumfa, zai kai mu ƙarshen sanyi. Idan Gwaggo ta sa shi a murhu gidan duka sai ya ɗauki ƙanshin tuffa. Tata yana matsowa ya miƙa hannuwansa. Ni a ɗaki nake yin aikin makaranta yanzu, ko da akwai sanyi.

Kwalba ɗaya ta rage cikin wanda na dafa, na toshe ta da kyau na ba ɗan Oyarzo da zai taho wajenku neman aiki. Ka sami ruwan soda ka haɗa rabi da rabi. Na itacen bakin rijiya ne, ba za a sake samun irinsa ba. Ka sha a gilashi.

Tata da Gwaggo suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Marlén