Rabon Ɗakin Magani

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Maƙwabcina ke rubuta mini, ka san ni da biro.

Ni lafiya lau, ƙafar ce dai ke ɗan kumbura in na daɗe a tsaye. Kullum muna layin magani a asibitin da ɗanka ke aiki, sai a ce kwamfuta ta tsaya. Ashe ɗan naka ne mai yi wa kwamfutocin rabo! Wai duk manhajojin asibitin rumbun bayanai ɗaya suke shiga, kowace da ƙofofin da ya yanka mata. Ta ofishin manya ya cika mata, ta ɗakin magani 'yan kaɗan, da sun cika sai ta tsaya.

Na ce ya ƙara mata. Ya ce, "Baba, sai an yi taro. Kawo katinka in karɓo maka ta baya."

Ni? In bar tsofaffi a layi? Na ƙi. Tun yana yaro bai iya rabon nama ba, kai kuma kana goya masa baya.

Yanzu kujera nake dasawa a ƙofar ofishinsa, kuma ba zan ɗauke ba sai ya gyara. Kada ka kira ni da ban haƙuri. Shi za ka kira.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka